Dariyar Dada Cikin Takabarka, Baba

Zuwa ga mahaifina, Malam Umaru, a makwancinsa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda 'ya ke yi wa mahaifi tana durƙushe, ina fatan ƙasa ta yi maka sauƙi, an yalwata maka wurin kwana, an tarbe ka da rahama. Gidanka na Federal Low-Cost yana nan yadda ka bar shi. Mangwaron ya yi 'ya'ya bana, babu mai tsinka, jemagu ne ke sha.

Ni ce Maryama, wadda ka sa wa sunan mahaifiyarka, kake kira Uwata ko a gaban baƙi. Yau zan ci albarkacin sunan. Uwa tana yi wa ɗanta faɗa, kuma faɗa na zo yi. Na san waɗanda suka riga mu ba sa duba waya. Amma masu rai suna dubawa, kuma cikin masu bin shafin nan nawa akwai da yawa da suka zauna a tsakar gidanka ranar sadakar arba'in, suka ci waina, suka tafi da labarin mahaifiyata a baki. Su ma su matso, da su nake.

Daga tukunya zan fara. Ranar da likita ya ce kana da hawan jini, ka dawo ka hana gishiri a gidan. Dada, mahaifiyata, ta ce za ta riƙa raba maka taka miyar daban. Ka ce, "Gidana tukunya ɗaya ce." Shekara da shekaru muna haɗiyar miyar kuka lami. Mu yara mun san dabara, muna ɓoye yaji da dunƙule a ƙarƙashin katifa, daga baya kowa ya yi aure ya tsira. Dada ba ta taɓa satar ko ƙwaya ba. Kunya take ji ta ɗanɗana abin da mijinta ba ya ci.

Akwai wata maganar taka kuma, wadda muka haddace tun muna rarrafe: "Abin da Adda ta ce, shi ke nan." Addarka, yayarka, Goggo Dudu ta Hammadu Kafi. Ta shigo gidan ta buɗe tukwane, ta duba bayan tabarma, ta ce Dada ba ta iya shanya ba, kai kuwa kana kishingiɗe da rediyo a kunne kamar ba a gidanka ake yi ba. Ban taɓa jin ka ce mata ko da "Adda, a yi haƙuri" ba.

Ranar da aka kai ka, Goggo ta zo da jakarta ta sauka a ɗakinka. Dada ta shiga takaba. Ta ɗaura tsohon zane mai duhu, ta ajiye kwalli da turare, ta koma kusurwar ɗaki kan tabarma. Abinci ya gagare ta. Duk wanda ya shigo gaisuwa sai ya ce, "Ko ba za ki ci ba, ki sha ruwa." Ita kuwa ka san ta, ba ta mayar wa mutum hannu. Moɗa bayan moɗa take sha, cikin babu komai.

Da ciwon kai ya dame ta, Goggo ta buɗe durowarka ta samo ragowar ƙwayoyinka, ƙananan nan masu sa ka yawan zagayawa. Ta ce, "Ciwon kai ai hawan jini ne. Ga na marigayi ya rage, kada a yi asara." Na ce a bari a tambayi likita. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce boko ya cinye min tarbiyya. Na juya wajen Hamma Sale, babban ɗanka, ko zai sa baki. Ka san me ya ce? "Abin da Goggo ta ce." Wallahi har muryar taka ce. Wasu gona suke gada, shi wannan ya gada.

Wajen wata guda ana haka. Kullum in na tashi daga makarantar da nake koyarwa sai in hau keke napep daga Tumfure in zo, kullum in tarar ta ƙara yin nisa. Ta fara kirana da sunan ƙanwarta da ta rasu tuntuni. Sai amai. Wata rana da hantsi ta faɗi a wurin alwala tana jijjiga, buta na gefe tana tsiyaya.

Wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa aka kai ta, ba zan faɗi sunansa ba. Suka ɗebi jini suka ce gishirin jikinta ya yi ƙasa ƙwarai, ruwa ya yi yawa, ƙwayoyin nan kuma sun ƙarasa wanke ragowar. Likitan, wani matashi, ya ce sai ta kwana biyu, don irin wannan a hankali ake mayar da shi. Goggo ta gyara mayafi ta ce, "Mai takaba ba ta kwana a waje." Hamma Sale ya ɗauko muryarsa ta ofis, ya ambaci wane da wane da ya sani, ya ce a sa mata ruwa mai ƙarfi a gama yau. Likitan ya sakar musu. Ban wanke shi ba, Baba, shi ne ya san abin da mu ba mu sani ba. Aka buɗe ledar ruwan gishiri tana zuba kamar famfo, wannan ta ƙare a rataya wata.

Kafin magariba Dada ta buɗe ido ta nemi mayafinta. Da isha tana kan tabarmarta a gidanka. Goggo ta yi ta cika baki, wai mutanen asibiti in ka sake musu fuska sai su riƙe ka wata. Ni ma na yi hamdala, ƙaryar me zan yi.

Kusan mako guda tana garau. Sai kofi ya fara rawa a hannunta. Magana ta yi mata nauyi, ruwa ya fara sarƙe ta. In ta tashi sai ta riƙa jan ƙafa ƙanana-ƙanana kamar mai tafiya a kan santsi. Fuskarta ta tsaya cak, ba ta motsi. Goggo ta ce gajiyar zaman makoki ce, za ta ware.

Sai ranar arba'in.

Maza suna waje ƙarƙashin rumfa, mata sun cika tsakar gida har bakin kicin. An fito da Dada an zaunar a ƙofar ɗaki don a yi mata gaisuwa. Liman ya ɗaga murya yana addu'a, ya ambaci sunanka. A daidai nan bakin Dada ya ja baya har kunne, dariya ta fito. Doguwa, mai sauti, kafaɗu na girgiza. Hannunta na dama ya murɗe ya tashi sama yana juyawa kamar na mai rawa a gidan biki. Ina kusa da ita, Baba, na ga idonta. Hawaye ne ke zuba, tsoro ne fal a ciki. Tana ƙoƙarin jawo mayafi ta toshe bakin, hannun ya ƙi zuwa.

Goggo ta tashi ba gaggawa, ta ɗauko bargo ta kifa mata a ka, yadda ake kife kaza da kwando. Ta ce, yadda na bakin ƙofa ma za su ji, "Ashe dama jira kike ya mutu."

Dariyar ta ci gaba a ƙarƙashin bargon.

Kafin la'asar labari ya zaga gari. Wasu suka ce murnar gadon gida take, wasu suka ce iska ce. Bayan kwana biyu ina cikin keke zan koma Tumfure, mata biyu da ba su san ni ba suka ba ni labarin uwata tiryan-tiryan. A nasu, har guɗa ta yi. Ɗaya ta ce ai an ce ita ke zuba wa mijin gishiri a ɓoye har jinin ya kashe shi. Dada, wadda ta manta ɗanɗanon gishiri saboda kai. Na sauka tun ban kai gida ba na ƙarasa da ƙafa. In kuna karanta wannan, ku biyun nan, mai jan hijabi da mai riƙe da buhun barkono, ni ce wadda ta zauna a tsakiyarku.

Ni da mijina muka ɗauke ta muka kai babban asibiti, Goggo na ta faɗa a bayanmu, Hamma Sale ya biyo mu don kada a ce ba ya nan. Aka tura ta cikin injin hoton ƙwaƙwalwa, wanda suke ce wa MRI, yana ta ƙara kamar ana ƙira. Hoto ya fito tas, babu tabo ko ɗaya. Likitar, wata dattijuwa mai gilashi, ta yi ta tambaya a kan ruwan da aka ƙara mata da yadda aka yi saurinsa. Sannan ta ce, "Kada hoton nan ya ruɗe ku. Irin wannan ciwo yakan riga hotonsa bayyana. Ku dawo da ita bayan mako biyu ko uku a sake ɗauka." A gaban Hamma Sale ta faɗa. Rabin farko kawai kunnensa ya ɗauka.

Shi ya kai wa Goggo babban ambulan da hoton ke ciki. Ta zaro hoton ta ɗaga wa rana a tsakar gida, tana karkata kai sai ka ce ta taɓa ganin cikin kan mutum. Ta kira maƙwabta ta nuna musu. "Ga shi, injin Nasara ma ya ce lafiyarta ƙalau. Iya shege ne." Daga nan ta yanke hukunci: mai takaba ba ta fita sai da larura, kuma hoto ya nuna babu larura. Na ce likita ta ce a koma. Ta ce likita ta fi injinta sani ne? Aka rufe ƙofa a kan uwata har ƙarshen takaba.

Bari in gaya maka yadda Addarka ke warkar da iya shege. Sai ta ajiye kwanon abinci can ƙarshen ɗaki, ta ce yunwa za ta koya mata tafiya. Na taɓa zuwa na tarar da Dada a tsakiyar ɗaki ta kife, ta yi rabin hanya, kunun ya daskare ƙudaje sun rufe shi. In baƙi za su shigo sai a ɗaure hannun da ɗankwali a ƙafar gado don kada ya tashi rawa. Daga baya ma aka gaji, aka mayar da ita ɗakin baya inda ake ajiye buhunan masara, wai kada ta ƙara zubar wa zuri'a mutunci. Maman Rifkatu ta maƙwabta, wadda kuke gaisawa ta kan katanga, ita ce ke miƙo min kunu mai kauri ta saman katangar in na zo, don shi ne ba ya sarƙe Dada. Tana miƙowa tana share hawaye.

Na yi faɗa har muryata ta dishe. Hamma Sale ya ce in tuna ni 'yar wani gida ce yanzu, in na ƙara ɗaga wa Goggo murya kada in sake taka gidan. Washegari na taka. Amma ni ina zuwa in tafi, Goggo kuwa tana nan safe da yamma. Kuma duk lokacin da bakin ya kufce, sai ta sunkuya a kanta ta ce, "Takabar mai dariya ba ta karɓuwa. Da wane ido za ki kalle shi gobe kiyama?" Wata uku tana zuba mata wannan a kunne.

Kai ka gina wannan, Baba. Kada ka ce ba ka nan. Ba ka taɓa ɗaga wa Dada hannu ba, na shaida, ko tsawa ba ka iya ba. Amma kai ka koya wa gidan cewa Adda ba ta kuskure, ka koya wa ɗanka ya sunkuyar da kai, ka koya wa matarka cewa duk abin da aka ce mata gaskiya ne. Ka tafi ka bar ta da mutanen da ka horar. Ina fushi da kai, kuma ina jin nauyin fushi da wanda ba zai iya ba ni amsa ba.

Ranar da takaba ta cika, mata suka yi mata wanka, aka ɗaura mata sabon zane, aka sa mata kwalli. Goggo ta haɗa jakarta ta koma Hammadu Kafi, ta ce ta sauke nauyin ɗan'uwanta. Ban jira an sha kunun fita ba. Na sa Dada a keke sai asibiti.

Wannan karon hoton ya yi magana. Likitar ta juyo min da allon kwamfuta ta nuna da bakin biro. A can ƙasa, a tsakiya, inda ƙwaƙwalwa ke haɗuwa da wuya, ga wani farin tabo mai yatsu uku kamar cokali mai yatsu. Sama da shi kuma ga wasu biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, girmansu ɗaya. Ta ce jijiyoyin kai suna da riga kamar robar da ke jikin wayar lantarki. Da aka mayar da gishirin a guje, ya zuƙe ruwan wurin, rigar ta saɓule. Tabo biyun nan su ne masu kula da hannu da tafiya. Na ƙasan shi ke riƙe da linzamin haɗiya da kuka da dariya. Ta ce, "Mama ba ta da iko a kai, kamar yadda ba ki da iko a kan atishawa."

Sai ta ɗaga hannun Dada na dama, wanda ya sha ɗauri, ta yi ƙoƙarin buɗe yatsun. Sun riga sun dunƙule sun ƙame. Ta tambaye ni me ya hana mu dawowa, ta ce da an zo da wuri, magani da gashin ƙashi da sun riƙe yatsun nan. Na ce takaba take. Ta cire gilashinta ta goge.

Na kai wa Hamma Sale hoton har ofis. Ya duba ya ce, "Haka Allah ya ƙaddara." Na kai wa Goggo. Ko karɓa ba ta yi ba. Ta ce, "Injin da ya ce babu jiya, ya ce akwai yau, wa zai yarda da shi?" Na sa hoton a ƙasan wasiƙar nan. Duk wanda ya ɗauki labarin dariya ya kai gidansa, ya ɗauki wannan ma ya kai.

Da a nan abin ya tsaya, da ban dame ka ba.

An ba Dada magani, rawar da ta fara kama hannun hagu ma ta ragu, tana iya takawa zuwa bayi da kanta. Dariyar ce dai ba ta tafi ba. An ce in riƙa kawo ta gashi duk mako, don kada hannun da ya rage ya bi ɗan'uwansa. Ranar farko na zo da keke, na shiga ɗauko ta. Na tarar ta koma ɗakin masara. Ta cire sabon zanen, ta ɗaura tsohon mai duhu, ta goge kwallin. Ta daɗe tana haɗa kalmomin kafin su fito. Ta ce ta sake ɗaura takaba, waccan ba ta karɓu ba.

Na nuna mata hoton. Na kawo liman ya zauna a bayan labule ya gaya mata takaba ba a maimaita ta, tata ta cika, babu laifi a kan abin da mutum ba shi da iko a kai. Ta saurara, ta yi godiya. Da ya fita ta ce, "Likita ta gani. Liman ya ji. Malam fa?"

Duk ranar da bakin ya kufce, sai ta koma lissafi daga farko. Baba, kullum yake kufcewa. Yatsun hagu biyu sun fara lanƙwashewa, ita kuma ko zaure ba ta leƙawa.

Kai ne kaɗai shaidar da za ta karɓa, kuma kai ne ka fi kowa sani. Ina tuna ka bayan la'asar, kana zaune kan farar kujera kana fere lemo. Sai ka tura faranti gefenta da yatsa, kana kallon wani wuri kamar ba kai ba. Ita kuma ta ja mayafi ta rufe baki, idonta ya ƙanƙance. Wannan ce dariyar Dada, ba ta da sauti. Mutum ɗaya ne a duniya ya san yadda ake fito da ita, kuma ka san ba a gaban jama'a take fitowa ba. Na san ka so ta, Baba. Na gani da idona. Faɗa ne ba ka iya ba.

Makon jiya na gaji na yi mata ƙarya. Na san girman zunubin ƙaryar mafarki, na ɗauka da sanina. Na durƙusa a gabanta na ce na gan ka cikin fararen kaya, fuskarka na haske, ka aiko ni wajenta. Idonta ya buɗe, ta kama gefen hijabina da hannun da ya rage. Ta ce me ka ce. Na ce ka ce, "Ki gaya wa Hauwa ta fito, na yafe mata."

Ta saki hijabin a hankali. Ta ce, "Malam bai taɓa kiran sunana ba."

Ta juya fuska ga bango. Bakin ya ja, dariyar ta zo, na zauna a bayanta har ta wuce.

Allah ya jiƙanka, Baba. Allah ya yafe maka abin da ka yi da abin da ka ƙi yi, ya haskaka kabarinka, ya sa ka cikin waɗanda aka yi wa sauƙin hisabi. Allah ya cire min wannan fushin kafin mu haɗu. Kuma ina roƙon Allah, Mai kai saƙo inda ƙafa ba ta zuwa, ya nuna mata kai cikin barcinta ko sau ɗaya. Aike ba ya yi, na gwada. Ka zo da kanka, ka tsaya a ƙofar ɗakin, ka kira ta yadda ka saba. Ka ce, "Ke, tashi haka nan." Za ta tashi.

Wassalam.

'Yarka mai kewarka,
Maryama
Tumfure, Gombe